Na'urar gashin ciwon daji ta linak: abin da na gani a cibiyar da muka kai Yayata a Kano

Assalamu alaikum jama'a. Wannan bayanin na masu jinyar ciwon daji ne a nan Kano, musamman waɗanda likita ya ce musu saura gashi, wato kashe ƙari da hasken radiyeshan, kuma a na'urar da ake ce wa linak za a yi. Yayata aka yi wa tiyatar sankarar mama, ta gama kemo, aka tura mu gashi, ni ne kuma mai kai ta da ɗauko ta. Sana'ata gyaran kayan wuta ce, da rediyo da talabijin na fara, yanzu inbata da sola sun fi yawa a shago, to ka san mai irin sana'armu in ya ga inji sai ya so ya san me ke cikinsa, haka na dinga bin injiniyan wurin da mai fiziks ɗinsu, wato mai lissafin hasken da za a ba mara lafiya, da tambayoyi, in na koma gida kuma in yi ta karatu a waya. Ba zan kama sunan cibiyar ba, don akwai yabo akwai ƙorafi a maganata, kuma ma'aikatan da na gani a wurin bai kamata a ɗora musu laifin abin da ya fi ƙarfinsu ba.

Ita dai na'urar, wallahi tunda nake taɓa kayan wuta ban ga abin da aka ƙera da natsuwa kamarta ba. Abubuwan da suke kewaye da ita, wato wuta da sanyi da kayan gyara da yadda ake sanar da mutane, nan ne ake da sauran aiki. Amma sai ka san yadda aka gina ta tukunna za ka gane dalilin da ya sa waɗannan abubuwan suke kayar da ita, don haka ku yi haƙuri da ni in ɗan shiga cikin injin.

Tsohuwar talabijin mai ƙeya da muka koyi aiki a kanta, can ƙarshen wuyan tub ɗinta akwai ɗan filamen da yake ɗaukar zafi ya saki ilektiron, wato ƙananan ƙwayoyin wutar lantarki, sai wuta mai ƙarfin bolt kusan 25,000 ta fizge su su bugi gilashi hoto ya fito. Injin hoton ƙirji na asibiti ma kusan haka yake, sai dai shi ƙarfe ilektiron ɗin suke buga sai eksire ya fito, kuma ƙarfinsa bai cika wuce bolt 150,000 ba. Wannan ya isa a ga ƙashi a hoto, amma in za a kashe ƙari da yake can cikin jiki da shi to fata ce za ta fara shan wahala kafin maganin ya isa inda ake so. Ana buƙatar kamar bolt miliyan 6 ko sama da haka. To ga inda gizo ke saƙar: iska tana fashewa da tartsatsi a kusan bolt 30,000 kan kowace santimita, ke nan miliyan 6 za ta iya tsallake kusan mita 2 na iska. Ka ɗora irin wannan wutar a saman mara lafiya, cikin abin da zai dinga juyawa a kansa, ai ba zai yiwu ba.

Dabarar linak ita ce ba a tara wutar wuri ɗaya, turi ake yi kaɗan-kaɗan amma sau da yawa. Akwai bututun jan ƙarfe da aka raba shi ɗaki-ɗaki, kowane ɗaki da ɗan rami a tsakiya da ilektiron zai bi, an zuƙe iskar cikinsa tas. Sai a cusa masa igiyar maikirowef mai ƙarfi, wutar da ke cikin ɗakunan ta dinga juyawa gaba da baya kusan sau biliyan 3 a daƙiƙa ɗaya, yawancin na asibiti a megahaz 2856 ko 2998 suke aiki. An auna tsawon kowane ɗaki ta yadda duk sanda ilektiron ya iso, daidai lokacin ne turin yake fuskantar gaba. Kamar yaro ne a kan lilo, in kana tura shi daidai lokacin da ya fara tafiya gaba, da ɗan ƙaramin turi sai ka ga ya yi sama, in kuwa ka kuskure lokacin to tsayar da shi za ka yi. Ɗakunan farko gajeru ne saboda ilektiron bai ɗau gudu ba tukunna, amma da ya samu ƙarfin bolt miliyan 1 ya riga ya kai kashi 94 cikin 100 na gudun haske, a miliyan 6 kuwa kashi 99.7 ne, daga nan gudun ba ya wani ƙaruwa sai dai ƙarfin bugun, shi ya sa sauran ɗakunan suke zuwa tsawo ɗaya. Wannan lissafin ya burge ni ba kaɗan ba.

Abin da yake samar da maikirowef ɗin kuma ba baƙonmu ba ne. Magnetiron ne, ɗan'uwan wanda yake cikin injin ɗumama abinci da ake kawo mana gyara, sai dai na kicin megahaz 2450 ne kuma wat ɗinsa kusan 1,000, na linak kuwa yana harba wat miliyan 2 zuwa 3, amma fa a ɗan ƙiftawar da ba ta wuce 'yan maikirosakan ba, ya huta, ya sake, sau ɗaruruwa a daƙiƙa. Manyan na'urori da yawa kilastiron suke amfani da shi maimakon magnetiron, shi ƙaramar sigina yake karɓa ya ƙara mata ƙarfi. Duk biyun da rada, na'urar hango jiragen sama, suke da alaƙa tun asali. Kilastiron wasu 'yan'uwa biyu ne, Russell da Sigurd Varian, suka ƙera shi a jami'ar Stanford ta Amurka a 1937, magnetiron mai ƙarfin nan kuma John Randall da Harry Boot suka haɗa shi a jami'ar Birmingham ta Ingila a 1940 ana tsakiyar yaƙin duniya na biyu. Shi tunanin turi ɗaki-ɗaki ya girme su, wani injiniya ɗan Norway mai suna Rolf Widerøe ya gwada shi a Aachen ta Jamus tun 1928, amma sai da aka samu maikirowef mai ƙarfi sannan ya yi wa ilektiron amfani. A 1953 aka fara yi wa mara lafiya gashi da linak a asibitin Hammersmith da ke Landan. Wanda masu bincike suka gina a Stanford ya fara aiki a 1966 tsawonsa kilomita 3.2 ne, na asibiti mai bolt miliyan 6 kuwa bututunsa zai iya zama kamar santimita 30 kacal, amma ƙa'idar ɗaya ce.

Tsarin bututun iri biyu ne. Akwai wanda igiyar take shiga ta gefe ɗaya ta yi ta gudu tare da ilektiron har ƙarshe, shi ya fi tsawo, kamfanin Elekta na Suwidin da shi aka san su. Akwai wanda igiyar take kai da komo a ciki ta tsaya cak, shi ya fi gajarta, da shi aka san kamfanin Varian. In bututun dogo ne kwantar da shi ake yi a hannun na'urar, sai a sa maganaɗisu ya lanƙwasa ilektiron ɗin su fuskanci gadon mara lafiya, wasu har zagayen digiri 270 suke yi, kuma a wannan lanƙwasar ake tace waɗanda ƙarfinsu bai yi daidai ba. Ni a wurina mai jinya bai kamata ya damu da wane kamfani ba ne, kowanne yana aiki in ana kula da shi.

Kan na'urar, wannan ƙaton da yake zagaya mara lafiya, shi ne inda aikin likita yake. Ilektiron suna bugun wani ɗan faifan ƙarfen tangistan sai eksire mai ƙarfi ya fito. Yana bi ta cikin awo guda biyu masu zaman kansu da suke ƙirga adadin da ya wuce, in na farko ya kasa tsayar da na'urar na biyu zai tsayar. Daga nan sai wasu siraran ganyayyakin tangistan, wata na'urar 120 wata 160, kowanne da 'yar motarsa, suna matsawa su fitar da siffar ƙarin daidai yadda likita ya zana, su tare sauran jiki. Duk nauyin kan nan yana juyawa ne a kan ɗigo ɗaya a cikin iska, santimita 100 daga faifan, kuma kuskuren da aka yarda da shi milimita 1 ne zuwa 2. Ranar da aka bar ni na shiga ɗakin kafin a fara aiki na ga yana zagayawa ba ko girgiza, sai da na ce Allah mai iko, Ya ba ɗan'adam basira.

Ga amfanin wannan ƙarfin a jikin mutum. Hasken bolt miliyan 6 ba a kan fata yake sauke mafi yawan ƙarfinsa ba, sai ya shiga kamar santimita 1.5, kuma a zurfin santimita 10 har yanzu da saura kusan kashi biyu cikin uku. Shi ya sa ake iya kai magani mahaifa ko mafitsara ba tare da an lalata fata ba. Sannan manyan linak suna da wani abin da ya yi wa Yaya amfani kai tsaye, ana iya janye faifan tangistan ɗin a bar ilektiron su fito da kansu. Su ba sa nisa, masu ƙarfin miliyan 9 aikinsu a santimita 3 na sama yake, kafin santimita 5 sun mutu. Da su aka ƙara mata a wurin ɗinkin tiyata a kwanakin ƙarshe, don a samu wurin da kyau a kuma kare huhu da ke ƙasa.

Shekaru da yawa mutanen Kano in an ce gashi to Shika ake nufa ko Abuja ko Sakkwato, kuma dattawa da yawa injin kobal suka sani, don haka a wurin jira an sha tambayata wanne ya fi. Kobal sinadari ne da yake fitar da radiyeshan da kansa dare da rana, ba a kashe shi sai dai a rufe shi, kuma ƙarfinsa yana raguwa da kusan kashi 1 cikin 100 duk wata, a shekara 5 da 'yan watanni ya koma rabi, lokacin kwanciyar mara lafiya ya yi ta ƙaruwa. Ƙarfinsa kamar bolt miliyan 1.25 ne, a zurfin rabin santimita yake kai ƙololuwa, gefen haskensa kuma bai kai na linak kaifi ba. In ya tsufa ma zubar da shi wani aiki ne, a 1987 a garin Goiânia na Brazil 'yan gwangwan suka ɓalle wani tsohon injin gashi mai sinadarin siziyom da aka yasar, mutum 4 suka mutu. Linak kuwa da ka kashe wuta shi ke nan babu haske. Ta fannin aiki linak ya fi nesa ba kusa ba. Amma in faɗi gaskiya kobal ba ya son wuta mai yawa, ba ya saurin lalacewa, kuma kobal da yake aiki kullum ya fi wa mara lafiya amfani a kan linak da yake kwance ana jiran kayan gyara.

To yanzu sabis ɗin. Ranar farko ba gashi ake yi ba, siti sikan ake yi na tsari, a kwantar da mutum yadda zai dinga kwanciya kullum, hannu a sama, a yi masa alamomi a fata. Daga nan sai a ce ku koma gida za a kira ku, kuma a wurin jira mutane da yawa suna ɗauka jan rai ne ko ana so a ba da wani abu. Ba haka ba ne, a kwanakin nan ne likita yake zana ƙari da zuciya da huhu a hoto ɗaya bayan ɗaya, mai fiziks ya tsara ta ina haske zai shiga, a sake dubawa. Matsalar ita ce ba wanda yake zaunar da mutane ya faɗa musu wannan, ni ma don na tambaya ne.

Abin da na yaba sosai shi ne yadda suka kula da mutuncinta. Yaya mace ce mai kunya, tun a mota take cewa Auta ni fa ba zan buɗe jikina gaban maza ba. Da muka faɗa sai suka sa ma'aikaciya mace ce take kwantar da ita tana daidaita ta da layukan leza, ana rufa mata zani a inda ba a buƙata, suna ce mata Hajiya sannu, Hajiya kar ki motsa an kusa. Ita kaɗai ake bari a ɗakin amma suna ganinta ta kyamara suna kuma jin maganarta. Shiga da fita bai cika wuce minti 15 ba, hasken kansa minti 1 ne zuwa 2, ba zafi ba komai sai ƙarar injin kawai. Nas ɗin ta yi mata bayanin wanka da alwala yadda ba za ta goge alamomin ba, ta kuma hana ta shafa komai a wurin sai ta tambaya, ba man zafi ba na gargajiya ba ruwa mai zafi. Fatar ta yi duhu daga baya kuma ta yi ta jin kasala, dama an gaya mata za a yi haka.

Abu na biyu da na yaba shi ne awon safe. Kullum kafin a shigar da kowa sai sun kunna na'urar ta ɗau zafi, su ɗora wani akwatin awo a kan gado su harba, in abin da ya fito ya kauce da fiye da kashi 3 cikin 100 ba za a fara ba sai mai fiziks ya zo. Mutane suna ta tsaki a waje wai an zo tun asuba ba a fara ba. Dan Allah ku bar su su yi. Tsakanin 1985 da 1987 wata na'ura mai suna Therac-25 ta zuba wa mutum 6 radiyeshan fiye da ƙima a Amurka da Kanada saboda kuskuren manhaja, wasu suka rasu, kuma daga irin wannan ne aka tsaurara matakan kariya. Na'urar yanzu in ruwa ya yi zafi ko ƙofa ba ta rufu ba ko ganye ɗaya ya maƙale sai ta ƙi tashi. A sana'armu na sha ganin wanda fis ya ƙone ya ɗaure shi da waya don mai kaya yana sauri, a nan kam ban ga alamar haka ba ko sau ɗaya, kuma kada wani mai jinya ya matsa wa ma'aikaci ya yi.

Ƙorafina na farko sanyi ne, kuma ya koma kan bututun nan na jan ƙarfe. Yawancin wutar da ake zuba masa zafi take komawa, jan ƙarfe kuma in ya ɗau zafi buɗewa yake, ɗakunan su ƙara girma, digiri 1 kawai yana karkatar da firikwansin da kusan kilohaz 50, lilon nan ya fara kuskure lokaci. Shi ya sa ruwa yake zagaya shi kullum a kan zafi ɗaya, akwai kuma cila a waje da take sanyaya ruwan. Mu lokacin zafi muka faɗa, kun san Kano a watan Afrilu, digiri 40 ba labari ba ne. Da rana ta take sai cilar ta fara gazawa, na'ura ta tsaya, a jira ruwa ya huce, masu layin azahar su kai la'asar. Da na leƙa na ga cila ɗaya ce kuma rana tana dukanta kai tsaye, raina ya ɓaci, don rumfa da cila ta biyu ba komai ba ne in aka kwatanta da kuɗin na'urar. Injiniyan ya ce mini lokacin hunturu kuma ƙura ce take toshe matatun, sai an yi ta wankewa. In kuna da zaɓi ku nemi layin safe.

Na biyu wuta. Suna da janareta babba kuma ba su yi wasa da dizal ba, wannan na shaida. Amma tsakanin a ɗauke wutar gari da janareta ya karɓa akwai 'yan daƙiƙu, su kuma sun isa su sa na'urar ta faɗi, a sake tayar da ita, a jira. Ya taɓa faruwa Yaya tana kan gado, ta fito hankalinta a tashe tana cewa ko an yi mata rabi an ɓata. A nan na'urar ta sake burge ni, tana riƙe lissafin abin da ta riga ta bayar, da aka dawo ragowar kawai aka cika mata, ma'aikaciyar ta nuna mini lambar a sikirin. Duk da haka wuri irin wannan ya kamata a ce akwai UPS, wato batirin da yake karɓa nan take in an ɗauke wuta, da zai riƙe komai har cila, ko kuma in an fara aiki a zauna a kan janareta kawai har a tashi. Hawa da saukar boltej shi yake cin kayan wuta a hankali, duk mai gyara ya san wannan.

Na uku shi ya fi ci mini rai. Ana tsakiyar makonninta wani abu ya lalace a ɓangaren da yake ba magnetiron wuta, babu shi a ƙasar nan sai an aiko daga waje, na'urar kuma ita kaɗai ce. Aka yi kwanaki ba aiki. Lalacewa dai dole ce, inji ne. Abin da ban yarda da shi ba shi ne ba a kira kowa ba, sai da muka zo muka tarar da takarda a manne a ƙofa. Mu muna cikin gari, asararmu kuɗin mai ne. Amma akwai wata baiwar Allah da aka kawo daga Damagaram, akwai mutanen Haɗeja da na Katsina, wasu a gidan dangi suke raɓe wasu haya suka kama, an ɗauko mara lafiya a adaidaita cikin wannan ranar an zo an koma. Kowa ya rubuta lambar wayarsa a fayil, saƙo ɗaya ya isa.

Kuma tsayawar nan ba ƙaramin abu ba ne a likitance. Ana raba gashi ne kaɗan-kaɗan, yawanci gire 2 a rana (gire shi ne ma'aunin radiyeshan da jiki ya sha), kwana 5 a mako, don lafiyayyen nama ya samu ya farfaɗo tsakanin yau da gobe. In aka yi dogon hutu shi ma ƙarin farfaɗowa yake. A kansar bakin mahaifa ana so a gama komai cikin mako 8, a ta wuya da maƙogwaro ma kowace rana da aka rasa tana da illa. Akwai yadda likitoci suke cike giɓi, ko a ƙara ranar Asabar ko a yi sau biyu a rana da tazarar aƙalla awa 6. Likitan Yaya ya sake lissafi ya ce nata ba matsala, Allah Ya saka masa, amma sai da na je na same shi na ce Dokta kwanakin nan da aka rasa fa? Duk wanda aka tsallake masa kwanaki ya yi wannan tambayar, haƙƙinsa ne. Kafin ma ku biya kuɗi ku tambaya na'ura nawa suke da ita, injiniyansu a Kano yake zaune ko sai an kira shi daga Legas, suna da yarjejeniyar sabis da kamfanin, kuma in ta lalace ina suke tura mutane.

Wannan maganar injiniya tana damuna. Kusan rabin masu ciwon daji za su buƙaci gashi a wani mataki na jinyarsu, na'urori kuma za su ƙaru a Arewa in sha Allah. Muna da yara masu kaifin ƙwaƙwalwa da suke gama injiniyancin lantarki da fiziks a BUK da Wudil da Kano Poly suna zaune ba aiki. Duk wanda zai kashe kuɗi ya sayo linak, gwamnati ce ko ɗan kasuwa, ya sa horar da irin waɗannan yaran da ajiye kayan gyaran da aka san suna ƙarewa a cikin kuɗin sayen tun farko.

Kuɗi kam akwai nauyi, ba zan ɓoye ba, sai da dangi suka haɗa hannu. Ku nemi a rubuta muku komai a takarda tun ranar farko, na siti, na tsari, na gashin kansa, na ganin likita, don mu a hankali muka dinga jin wasu, kuma ku riƙe kowane risit. Mai inshorar lafiya ya tambaya ko tana ɗaukar wani ɓangare.

Sai maganar tsoro. Wata maƙwabciyar Yaya ta hana yaranta shiga gidan wai radiyeshan zai kama su, abin ya sa ta kuka. Jama'a wanda aka yi wa gashi da linak ba ya ɗauke da komai a jikinsa, yana fitowa zai iya ɗaukar jikansa, ya yi girki, a ci abinci kwano ɗaya da shi. Mu da muke zaune a waje ma ba abin da yake iso mu, bangon ɗakin kankare ne da kaurinsa yake kai mita 2 ko fiye a inda hasken yake fuskanta, hanyar shiga kuma a lanƙwashe take. Hukumar NNRA mai sa ido kan harkar nukiliya ce take ba irin waɗannan wurare lasisi a Najeriya, za ka iya tambaya a nuna maka, kuma ka lura ma'aikatan suna maƙale da ɗan bajon da yake auna abin da ya taɓa su, a inda muka je kowa yana da nasa.

Ranar da aka gama kada ku tafi sai an ba ku takardar da ta nuna wane wuri aka gasa, gire nawa gaba ɗaya, sau nawa, da wane ƙarfi, da ranar farawa da ta gamawa. Mu sai da na koma na nema aka buga mana. Jiki ba ya manta adadin da ya sha, in bayan shekaru aka sake buƙatar gashi kusa da wurin, ko a Kano ko a wani gari, likitan da zai karɓe ku da wannan takardar zai yi lissafi. Ku yi mata fotokwafi, ku kuma ɗauki hotonta a waya ku tura wa mutum biyu a dangi.